George Appo: Rayuwar Ɗan Sane a Birnin Niyok na Ƙarni na 19

A watan Yunin 1894 wani ɗan ƙaramin mutum mai ido ɗaya ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawan jihar Niyok da ke binciken 'yan sandan birnin. Shekarunsa 37 a lokacin. Kunnensa ba ya ji sosai, jikinsa duk tabon wuƙa da harsashi, kuma tun yana yaro bai san wata sana'a ba sai yankan aljihu da damfara. Sunansa George Washington Appo. Abin da ya faɗa a zaman nan ya sa jaridun Amurka suka san shi, ya kuma jawo masa wahalar da ta fi duk wadda sata ta taɓa jawo masa.

Rayuwar Appo ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, domin ɓarayin zamaninsa kaɗan ne suka bar labarinsu da hannunsu. Yawancin abin da aka sani game da su daga bakin ɗan sanda ya fito, ko alƙali, ko ɗan jarida mai neman labarin da zai sayar da takarda. Shi kuwa da girma ya zo masa ya zauna ya rubuta nasa, shafi 99. Idan mutum ya bi rayuwar daga farko zuwa ƙarshe, abin da zai gani shi ne sata a babban birni sana'a ce mai masu hannun jari da yawa, kuma wanda ke sa hannu a aljihu shi ne mafi ƙarancin rabo a cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An haife shi ranar 4 ga Yulin 1856 a garin New Haven, ranar bikin 'yancin kan Amurka, shi ya sa aka raɗa masa sunan shugaban ƙasar na farko. Mahaifinsa, Quimbo Appo, mutumin ƙasar Sin ne da ya fara sauka a Kalifoniya zamanin tururuwar haƙar zinariya, daga baya ya gangaro gabas yana sayar da ganyen shayi. Mahaifiyarsa, Catherine Fitzpatrick, 'yar ci-rani ce daga Ailan. A 1859, George bai cika shekara uku ba, rikici ya ɓarke a gidan da suke haya a Niyok, uban ya daɓa wa mai gidan, wata mata da ake kira Mary Fletcher, wuƙa ta mutu. Kotu ta yanke masa hukuncin rataya, aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma a kurkukun Sing Sing. Uwar kuma, kamar yadda labari ya iso wa yaron, ta kama hanyar Kalifoniya ta ruwa, jirgin ya nutse da ita. Aka bar shi a hannun wasu talakawa a wani lungu da ake kira Donovan's Lane, cikin unguwar Five Points.

Five Points a kan tsohon tafki aka gina ta bayan an cike shi da ƙasa, don haka gidajen kullum cikin danshi suke, wasu har sun karkace. Nan baƙin da yunwar Ailan ta koro a shekarun 1840 suka cunkushe, iyali guda a ɗaki guda, wani lokaci har da 'yan haya a kan iyalin. Birnin kansa yana kumbura fiye da yadda hukuma za ta iya riƙe shi: mutum kusan 60,000 ne a 1800, ya haura 800,000 a 1860, ya kai miliyan ɗaya da rabi a 1890. Dubban yara suna kwana a bakin shaguna da ƙarƙashin matakala. Jihar ba ta yi dokar tilasta sa yara makaranta ba sai 1874, shekarar da Appo ya shiga Sing Sing. Bai taɓa zama a aji ko na kwana ɗaya ba.

Ya fara da tallar jarida, kamar sauran yaran unguwar, kuma a nan ya koyi sane. Jaridar ma kayan aiki ce: yaro ya tura ta gaban fuskar mutum yana roƙon ya saya, ɗaya hannun yana ƙarƙashinta yana lalube. Zamanin ya dace da sana'ar ƙwarai. Mutane da tsabar kuɗi suke yawo, ɗan kasuwa kan ɗauko kuɗin cinikinsa a aljihun kwat, kuma duk mai ɗan hali yana da agogon aljihu na zinariya ko azurfa da sarƙarsa a fili a kan ƙirji. Ga taragon da dawaki ke ja a kan dogo, makil da mutane a tsaye, kowa ya ɗaga hannu ya riƙe madauri. 'Yan sane a ƙungiya suke shiga. Biyu ko uku su matse wanda aka zaɓa, ɗaya ya taka masa ƙafa ko ya tsaya a bakin ƙofa kamar ya rasa hanya, gwanin kuma ya kama zoben agogon da babban yatsa da manuni ya murɗe shi ya rabu da sarƙar. Nan take ya miƙa wa na bayansa, wanda zai sauka a tsayawa ta gaba. Ko an kama gwanin, ba komai a jikinsa. Mai agogo kuwa sarƙarsa na nan tana reto, sai ya zo duba lokaci zai gane.

Appo ya ƙware. Ƙaramin jiki gare shi, yana sa tufafi masu tsabta, ba wanda zai kalle shi ya tsargu. A dare mai kyau yakan tashi da ɗaruruwan daloli, abin da lebura zai shekara yana nema. Ba na son a karanta wannan a ɗauka wasa ne marar ciwo. Cikin aljihunan da ya yanka akwai na masu ɗauke da albashin mako, waɗanda suka koma gida suka tarar da yara suna jiran abinci. Shi kansa abin da yake alfahari da shi shi ne bai taɓa ƙwace da makami ba, kuma wannan gaskiya ce da ta bambanta shi da 'yan fashi, amma ba ta mayar wa kowa kuɗinsa ba.

Kamun farko da ya yi tasiri a rayuwarsa ya zo yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Aka tura shi wani jirgin ruwa mai suna Mercury, wanda hukumar birnin ta mayar makarantar horar da kangararrun yara aikin jirgi. Ya ƙetara tekun Atlantika a cikinsa, ya dawo, ya koma titin da ya baro, domin ba wani wuri da ke jiransa.

A 1874 aka yanke masa shekara biyu da rabi a Sing Sing. A nan ya kamata mai karatu ya dakata, don a nan ake ganin mai hannun jari na farko. Kurkukun yana bakin kogin Hudson, fursunoni ne suka gina shi da duwatsun da suka fasa da hannunsu a shekarun 1820. Kowane ɗaki tsawonsa ƙafa bakwai, faɗinsa ƙafa uku da 'yan inci, ba famfo, ba masai sai bokiti, kuma saboda cunkoso akan zuba mutum biyu a ciki. Jihar tana ba 'yan kwangila hayar fursunoni a kan 'yan sulalla a rana, su yi musu takalma, murhun ƙarfe, wanki da guga. Ɗan kwangila ne ke yanka yawan aikin da kowa zai yi, gandiroba kuma shi ke tabbatar da an cika. Appo sashen guga aka kai shi, yana goge sababbin riguna. Bai iya ba, ba kuma wanda ya koya masa. Kwanaki kaɗan da farawa ya ƙona riga. Ya rubuta cewa an naushe shi har haƙoransa suka zube, aka kwantar da shi aka yi ta zabga masa wani faffaɗan katako har ya suma. Yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, laifinsa a ranar riga ɗaya ta ɗan kwangila.

Wane gyaran hali ake tsammani daga irin wannan wuri? Abin da ya samu mai amfani a gidan yari shi ne karatu da rubutu, kuma wajen 'yan uwansa fursunoni ya koya. Sauran abin da ya koya sunayen manyan ɓarayi ne da inda ake samunsu. Daga nan rayuwarsa ta zama shiga da fita: Sing Sing fiye da sau ɗaya, kurkukun Clinton da ke Dannemora can kusa da iyakar Kanada inda sanyi ke kashe mutane, gidan yarin tsibirin Blackwell, da Eastern State na Filadelfiya inda ake kulle mutum shi kaɗai. Jimilla ya haura shekara goma a tsare. Ya sha ƙoƙarin neman aikin halal in ya fito, amma wa zai ɗauki tsohon fursuna, rabin Basine, a birnin da ake kyamar mutanen Sin a fili, har majalisar ƙasa ta yi dokar hana su shigowa a 1882?

A waje ma masu cin rabo suna nan a jere. Agogon sata ba ya zama kuɗi sai ya bi ta hannun mai karɓar kayan sata, wanda zai biya kaso kaɗan na darajarsa, ya goge lambar, ya sauya masa gida. Wadda ta fi shahara a wannan harka ita ce Fredericka Mandelbaum, mai shagon kayan sawa a titin Clinton, wadda ta shekara fiye da ashirin tana saye daga hannun ɓarayin birnin ba a taɓa ɗaure ta ba. Da babban lauyan gwamnati ya tashi kama ta a 1884, bai yarda da 'yan sandan birnin ba, sai ya ɗauko jami'an kamfanin Pinkerton masu zaman kansu. Aka ba da belinta, ta tsallake zuwa Kanada da dukiyarta, ta zauna can har ta mutu a 1894. Akwai lauyoyi irin su Howe da Hummel, da ofishinsu daf da gidan wakafin da ake kira Tombs, waɗanda manyan ɓarayi ke biya tun kafin a kama su. Akwai masu tsayawa beli da takardun gidajen da ba nasu ba. Sannan ga 'yan sanda. Shugaban masu binciken laifi, Thomas Byrnes, ya tara hotunan ɓarayi, ya shata musu layi a titin Fulton ya ce duk wanda aka gani ya ƙetara zuwa unguwar bankuna ta Wall Street za a kama shi ko bai yi komai ba. Ma'anar layin a bayyane take: akwai inda ba a taɓawa, akwai inda aka bar wa ɓarawo. Ya kuma yi suna da cewa idan aka sace agogon wani babban mutum, yakan iya dawo da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da ba zai yiwu ba sai da sanayya tsakaninsa da masu satar.

Abin da ya saura a hannun Appo bayan duk wannan, hayaƙi ya cinye. Ya kamu da shan ofiyom, wani abin maye da ake zuƙa, a ɗakunan shan da ke titin Mott da kewaye, ya shekara da shekaru a kai. Ɗakunan nan su ne majalisar ɓarayi. A nan ake kwance a kan tabarma ana zuƙa, ana jin wa ya fito, wa aka kama, wane gari ake bikin da zai tara jama'a. A nan kuma ake koyon ƙa'idar da Appo ya riƙe kamar addini: ka nemo kuɗi da ƙarfin hali, ka kashe su a kan abokai, in an kama ka ka rufe bakinka, ko da laifin wani ne aka ɗora maka ka shanye. Ya yi imani da wannan ƙa'ida da zuciya ɗaya. Waɗanda ke samansa kuwa amfaninta kawai suke ci, domin ita ce ke sa yaransu su tafi kurkuku ba tare da sun ambaci sunan kowa ba.

A cikin shekarun 1880 ya bar sane ya koma damfarar da suke kira harkar koren kaya, saboda launin takardar dala. Tsarinta ya kai a bayyana shi dalla-dalla. Ana buga wasiƙu dubbai a aika wa mutanen karkara, 'yan tireda, manoma, masu bashi a wuya. Wasiƙar takan ce akwai jabun kuɗi da aka buga da ainihin farantan baitulmalin gwamnati da aka sace, ba mai iya bambanta su da na gaske, kuma ana sayar da su da rahusa, misali ka ba da ɗari uku ka karɓi dubu uku. Akan haɗa da guntun jarida na ƙarya mai ba da labarin satar farantan. Wanda kwaɗayi ya ja, sai a ce ya aiko telegiram, kada ya rubuto wasiƙa, a kuma ba shi kalmar sirri da sunan masaukin da zai sauka a wani gari kusa da Niyok.

Aikin Appo shi ne tarbo baƙon. Zai same shi a masauki, ya faɗi kalmar sirri, ya kwantar masa da hankali, ya hau jirgin ƙasa da shi, ya yi ta zagaya da shi cikin birni har ya rasa gabas da yamma, sannan ya kai shi wani ɗan ofis. A can wani dattijo mai kamala zai zube masa kuɗi a kan tebur. Kuɗin na gaske ne, sababbi fil daga banki, shi ya sa duk yadda baƙo ya juya su ba zai ga aibi ba. A ƙirga a gabansa, a zuba a jaka, a ajiye jakar a jikin bango. Yayin da ake rubuta masa wani abu ko ana ba shi shawarar yadda zai kashe su a hankali, wani da ke ɓoye a bayan allon bangon ya janye jakar ya musanya ta da irinta sak, cike da yankakkun takardu ko garin katako. A raka shi tasha, a gargaɗe shi kada ya buɗe sai ya isa gida saboda 'yan sanda na sa ido. Duk wanda ya taɓa jin labarin masu cewa za su ninka wa mutum kuɗi ya san ƙarshen zancen.

Ƙarfin wannan damfara shi ne wanda aka cuta ba shi da bakin kai ƙara. Zai je ya ce wa hukuma ya zo sayen jabun kuɗi aka ba shi garin katako? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu damfarar kuma ba su taɓa riƙe jabu ko ɗaya ba, don haka dokar jabun kuɗi ba ta kama su. Sai a 1889 majalisar ƙasa ta gyara dokar zamba ta gidan waya ta ambaci wannan harka da sunanta. Manyan masu ita, irin su James McNally wanda Appo ya yi wa aiki, sun tara dukiya mai yawa. Mai tarbo baƙo kaso kaɗan yake samu, alhali shi ne ke zama ɗaki ɗaya da mutumin da ya zo da kuɗinsa da bindigarsa.

A watan Fabrairun 1893 abin ya faru. A wani masauki a garin Poughkeepsie, ɗaya daga cikin baƙi biyu da ya je tarba ya harbe shi a kai. Bai mutu ba, amma ya rasa ido. Yana kwance a asibiti aka yi ta tambayarsa wa ya aiko shi, ya ƙi faɗa. Aka ɗaure shi a Clinton, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Da ya fito ya tarar waɗanda ya rufa wa asiri sun juya masa baya.

A daidai wannan lokaci birnin yana tafasa. Tun Fabrairun 1892 wani limamin coci, Charles Parkhurst, ya hau mumbari ya zargi 'yan sanda da 'yan siyasar Tammany Hall, ƙungiyar da ke riƙe da mulkin birnin, da cin abinci daga gidajen caca da na karuwai. Da aka ce ya kawo hujja, ya sauya kaya ya shiga wuraren da kansa ya tattaro. Wannan ya kai ga kafa kwamitin da Sanata Clarence Lexow ya shugabanta a 1894, da lauya John Goff yana yi wa shaidu tambayoyi. Abin da aka tono ya girgiza mutane. Shiga aikin ɗan sanda kuɗi ake biya, kusan dala 300. Wani kyaftin, Timothy Creeden, ya amsa cewa dala 15,000 aka biya kafin ya samu muƙaminsa. Wanda ya sayi kujera da irin wannan kuɗi dole ya nemi inda zai fanshe, kuma daga masu laifin unguwarsa yake fanshewa, wata-wata.

Appo ya zauna ya warware wa kwamitin yadda harkar koren kaya ke tafiya, matsayi bayan matsayi, ya kuma faɗa a fili cewa ana biyan 'yan sanda don su kau da kai. A ganinsa bai ci amanar kowa ba, tsari ya bayyana. Duniyar da ya fito daga cikinta ba ta ga haka ba, 'yan sanda ma haka. Cikin watannin da suka biyo baya an sha kai masa hari a titi. A watan Satumban shekarar aka yanke shi a wuya a wani masauki, 'yan sanda suka ce shi ya yanki kansa, suka tuhume shi da yunƙurin kashe kai, wanda laifi ne a dokar jihar a lokacin. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi ci mini rai. Shekara ashirin yana sata, birnin yana kama shi yana saki kamar yadda aka saba da kowane ɗan sane. Ranar da ya faɗi gaskiya gaban hukuma, ranar ce ya rasa mafaka ta kowane ɓangare, kuma waɗanda suka kira shi shaida ba su da wani tanadi na kare shi.

Su dai masu neman gyaran mulkin birnin sun ci ribar binciken. Tammany ta faɗi zaɓen magajin gari a Nuwamban 1894, William Strong ya hau, a 1895 aka naɗa Theodore Roosevelt shugaban hukumar 'yan sanda, Byrnes ya ajiye aiki. Appo kuwa wasu masu wasan kwaikwayo ne suka ɗauke shi ya riƙa fitowa a dandamali a matsayin kansa, yana nuna wa 'yan kallo yadda ake yankan aljihu da yadda ake tarbo baƙo. Wannan ma bai daɗe ba. A 1896, bayan wani rikici da ya yi, aka tura shi asibitin Matteawan, inda ake tsare masu laifin da aka ce sun taɓu. Mahaifinsa yana can. Quimbo ya fito daga ɗaurin farko ya sake yin kisa, hankalinsa ya gushe a kurkuku, kuma a Matteawan ya mutu a 1912. Ɗa da uba sun zauna a gida ɗaya na 'yan shekaru.

Da aka sallame shi bai koma sana'ar ba. Ya daina ofiyom. Ya rayu da ƙananan ayyuka da taimakon wasu masu aikin agaji, ya kuma yi wa ƙungiyar hana aikata laifi da Parkhurst ya shugabanta aikin leƙen asiri a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wannan lokaci ya rubuta tarihinsa, da Turancin wanda ya koyi rubutu a kurkuku, ba a kuwa buga shi ba yana raye. Rubutun ya zauna cikin takardun ƙungiyar a ɗakin karatu na Jami'ar Columbia har masanin tarihi Timothy Gilfoyle ya bi diddiginsa, ya gwada shi da takardun kotu da na gidajen yari, ya fitar da nazarinsa a 2006. Appo ya mutu a Niyok ranar 17 ga Mayun 1930, yana da shekara 73.